Mastas a harkar manufofin gwamnati: MPP ko MPA, gida ko waje?

Da zarar Agusta ya kama an buɗe Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya, sai kaga matasanmu sun rikice, kowa na neman wanda zai duba masa rubutu, kuma in ka tambayi me za a karanta da yawa ce maka za su yi fablik folisi, wato manufofin gwamnati. To amma tambaye shi meye bambancinsa da Fablik Admin ɗin da ake yi a Kongo ta ABU Zariya tun zamanin kakanninmu, sai kaji ana kame-kame. Kuma ba laifinsu bane, jami'o'in ne da kansu suka cakuɗa sunayen, wata ta kira nata MPP, wato mastas a fablik folisi, wata MPA, wato mastas a Fablik Admin, BUK ma ta haɗe biyun ta ce MPPA. Ni dai abin da zan faɗa shi ne sunan kwas ɗin ba shi ne abin dubawa ba, abu biyu ne: wane aiki kake so ka yi bayan ka gama, kuma wa zai biya kuɗin.

Bari mu ɗauki misali da abin da kowa ya sani. A shekarar 2012 gwamnatin Jonathan ta buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi ta jihar Sakkwato, aka bi da gina wasu sama da 100 a Arewa, yau kaje ka duba halin da mafi yawansu ke ciki. Wanda ya yi MPP na gaske tambayar da aka koya masa ita ce, shin tun farko gina makaranta ne maganin matsalar? yara nawa ne a tsangayu, nawa makarantun za su iya ɗauka, nawa ake kashewa kan kowane yaro, da an ba alarammomi tallafin abinci da malamin boko a inda suke ba zai fi arha ba kuma ya kai ga yara da yawa? Shi kuma mai MPA tambayarsa daban, wa zai riƙe makarantar bayan an yanke kyalle an watse, tarayya ce ko jiha, albashin malamai daga wane kasafi zai fito, wa zai sa hannu a kan kuɗin ciyarwa, me ya sa fayil ke kwana wata uku a teburin mutum ɗaya. Dukansu tambayoyi ne masu muhimmanci, kuma gaskiya a ƙasar nan ta biyun ce ta fi kashe mana shirye-shirye, domin takardun tsari masu kyau cike suke da durowoyin ma'aikatu. Amma kayan aikin da ake koya maka don amsa su ba ɗaya bane.

MPP lissafi ne da tattalin arziki, kar wani ya ruɗe ka. Za ka yi ƙididdiga, za ka zauna gaban kwamfuta da manhajar Stata ko R kana dama alƙaluma, za a koya maka yadda ake gane ko shiri ya yi aiki ko kuwa dama can abin zai faru ko babu shi. Misali shirin Anchor Borrowers na ba manoma bashi da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, in noman shinkafa ya ƙaru bayan nan, bashin ne ya jawo ko damina ce ta yi kyau ko rufe boda na 2019 ne ya ɗaga farashi mutane suka koma gona? Raba waɗannan shi ne aikin. Sannan a koya maka rubuta takaitaccen bayani shafi ɗaya ko biyu wanda kwamishina zai iya karantawa a mota kafin ya shiga taron majalisar zartarwa. MPA irin namu na gida kuma ya fi karkata ga dokokin aikin gwamnati, kula da ma'aikata, kasafin kuɗi, ƙananan hukumomi, alaƙar tarayya da jihohi, karatu ne da rubutu da haddar ra'ayoyin masana, lissafinsa kaɗan ne. Saboda haka in kai irin wanda ya gudu daga lissafi tun aji huɗu na sakandare ne ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu.

Sai dai a nan ma akwai tarko, a waje sunan yakan juye. A Harvard akwai wani kwas da ake kira MPA/ID, sunansa MPA amma shi ne ya fi kowane zafin lissafi a makarantar, ba ma za su dube ka ba sai ka yi kalkulas da darussan tattalin arziki a digirinka na farko, shekara biyu ne. A LSE ta Landan MPA ɗinsu ne na shekara biyu mai nauyin tattalin arziki, MPP ɗin kuma gajere ne na waɗanda suka daɗe suna aiki. A makarantar Lee Kuan Yew ta Singafo da aka kafa a 2004 akasin haka ne, MPP shekara biyu na matasa, MPA shekara ɗaya na manya. Don haka ka buɗe shafin jami'ar ka karanta jerin darussan dole ɗaya bayan ɗaya, in ka ga ƙididdiga da tattalin arziki sun cinye samistar farko to ka san inda ka dosa.

Yanzu maganar gida. Kongo ba wasa bace, tun 1947 aka fara horar da akawuna a wurin, ta zama cibiyar koyar da harkar mulki a 1954 kafin ma a kafa ABU a 1962, kuma kusan duk wata sakatariya a Arewa za ka samu wanda ya bi ta can. Wannan kaɗai riba ce da ba a rubuta ta a takardar shiga. Ajin MPA na ƙarshen mako a Zariya ko Kano za ka tarar da mataimakan daraktoci, jami'an kwastan, 'yan sanda, shugabannin ma'aikata na ƙananan hukumomi, wani lokaci har ɗan majalisa, kuma lambar wayar da za ka tara a ajin nan tana iya yi maka amfanin da satifiket ɗin bai yi ba. Ga shi baka bar aikinka ba, albashinka na shiga, iyalinka na gabanka, kuɗin makarantar kuma abu ne da ma'aikaci zai iya haɗawa da adashi ko bashin kofaretib. Wanda ma bai da halin zuwa aji akwai NOUN, jami'ar karatu daga gida.

Amma fa a faɗi ɗaya ɓangaren. Kwas ɗin da aka ce maka wata 18 ne yana iya kaiwa shekara uku, a 2022 yajin aikin ASUU ya ci wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 ma ya fi haka tsawo, ga jiran sufabaiza ya duba firojet ɗinka, ga jiran ranar kare shi. Sannan koyar da sarrafa alƙaluma yana da rauni a mafi yawan wuraren, mutum sai ya gama mastas bai taɓa buɗe bayanan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya yi aiki da su da hannunsa ba, firojet ɗin ma takardar tambayoyi ce aka raba wa mutum ɗari aka fitar da kaso cikin ɗari shikenan. In burinka ƙarin girma ne a ofis wannan bai dame ka ba. In kuwa burinka ka zauna a teburin da ake tsara kasafi ko ka yi wa Bankin Duniya aikin bincike, zai dame ka ranar intabiyu.

Wani abu da mutane basa tambaya sai sun gama sannan a zo ana da na sani, MPA da MPPA a jami'o'inmu ana ɗaukarsu a matsayin mastas na ma'aikata, ba na masu son koyarwa ba. Yawanci ba za a baka gurbin digiri na uku kai tsaye da shi ba, sai a ce ka koma ka yi MSc ko wani share fage. Don haka in kana da niyyar zama lakcara ko ka ji ana kiranka Dakta wata rana, MSc a Fablik Admin ko Kimiyyar Siyasa ko Tattalin Arziki shi ne hanyarka ko da ya fi wahala ya fi cin lokaci. Mai HND ko wanda ya fita da sakamako mai rauni kuma sai ya fara da babbar difloma tukunna, wato ƙarin shekara guda, ka sa wannan a lissafinka.

Kuru kuma daban take, don naga ana haɗa ta da wannan maganar. NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da aka kafa a 1979 a Kuru kusa da Jos, ba wurin da za ka cike fom bayan bautar ƙasa bane, zaɓo mutum ake yi, daraktoci da manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda da makamantansu, su yi kusan wata goma su miƙa wa shugaban ƙasa rahoto su fito da mni a bayan sunansu. Ka bar ta sai furfura ta fara fitowa.

To waje fa? Mu fara da kuɗi tunda shi ne ke yanke hukunci. MPP na makarantar Blavatnik a Oxford, wadda aka kafa a 2010, shekara ɗaya ne kuma kuɗin makaranta kaɗai ya kai wajen fam dubu 50, ban da haya ban da ci. Kafin Yunin 2023 da aka saki naira dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, fam kuma ya je wajen 2,000, kaga kenan maganar kusan naira miliyan 100 ake yi kafin ka sayi bargon sanyi. Harvard ta haura dala dubu 50 a shekara kuma shekara biyu za ka yi. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana, wannan fannin ba a sayar masa da gona ko gidan gado. Ba likitanci bane, ba kwamfuta bane, aikin da za ka samu bayansa aikin gwamnati ne ko na ƙungiyoyin raya ƙasa, albashin mataki na 09 ko na 10 ba zai mayar maka da wannan kuɗin ba ko za ka yi shekara talatin kana tarawa. In babu sikolashif cikakke to babu tafiya, a jira wata shekarar a sake nema.

Sikolashif ɗin kuma akwai su, sai dai kowanne da sharaɗinsa. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan komai na mastas ɗin shekara ɗaya, amma sai kana da gogewar aiki ta shekara biyu, su a wurinsu awa 2,800 kenan, ka zaɓi kwas uku, kuma ka dawo gida aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Gidauniyar Aig-Imoukhuede tun 2017 take tura 'yan Najeriya MPP na Oxford da sharaɗin su dawo su yi wa gwamnati aiki, wannan kam an yi shi ne saboda ma'aikata kuma ina ganin mutanenmu na sakatariyoyin jihohin Arewa basa nemansa yadda ya kamata. Akwai na haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya mai neman shekara uku na aikin raya ƙasa. Duk wanda ka karɓa ka karanta sharaɗin dawowa da kyau, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kar ka je can ka fara neman hanyar maƙalewa ka toshe wa na bayanka ƙofa.

Wanda ni na fi so a riƙa faɗa wa matasa shi ne Jamus, don hayaniyar Ingila ta rufe shi. Hukumar DAAD tana da shirin Helmut Schmidt wanda aka ware musamman don manufofin gwamnati da kyakkyawan shugabanci ga 'yan ƙasashe masu tasowa, ana nema a watannin Yuni da Yuli, yawanci da Turanci ake karatun, kuma makarantar Willy Brandt da ke Erfurt tana cikin inda ake turawa. Yawanci shekara biyu ne, kuma wannan shi ne babban bambancinsa da Ingila. Shekara ɗaya a Ingila gudu ne, ka sauka a Satumba kana fama da sanyi da lafazin malamai, kafin ka gane kan laburare an fara jarrabawa, kafin ka yi abokai an fara maganar kundin ƙarshe. Ga wanda ya riga ya yi shekara bakwai ko takwas yana aiki, ya san abin da yazo ɗauka, hakan ya isa kuma hutun karatu na shekara ɗaya ya fi sauƙin samu a ofis. Ga wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba kuma lissafinsa na da rauni, shekara biyu ta fi, akwai lokacin da zai koyi ƙididdigar daga tushe, ya yi aikin sanin makama a wata hukuma lokacin hutu, ya ɗan tsinci yaren. In kuma da kuɗinka za ka je Jamus sai ka ajiye kusan yuro dubu 12 na shekara a asusun da ake kullewa kafin a baka biza.

Gabas ma abin dubawa ce. Makarantar KDI a Koriya ta Kudu da GRIPS a Tokiyo suna ɗaukar ma'aikatan gwamnati daga Afirka da tallafi, kuma abin da za ka koya a can ya fi kusa da ciwonmu, ƙasashe ne da suka tashi daga talauci ko daga ɓarnar yaƙi cikin ƙarni ɗaya, malamansu da yawa sun yi aiki a ma'aikatun da suka yi wannan tsarin. A Amurka kuwa rabin misalan aji kan inshorar lafiyarsu ne da harajin jihohinsu, sai kai ne za ka yi ta ƙoƙarin jawo darasin zuwa Jigawa. Wanda ya fito daga ɓangaren Larabci kuma ya duba Doha, Cibiyar Doha ta karatun gaba da digiri tana da mastas a manufofin gwamnati, haka Jami'ar Hamad bin Khalifa, ga masallaci ga abinci ba sai ka yi ta karanta bayan kwali ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru masu Faransanci su kuma ga Sciences Po a Faris, ga reshen Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Yawunde mai koyar da harkar shugabanci, na Gana kuma GIMPA na nan a Akara.

Ke kuma 'yar'uwa mai aure da yara, akwai abin da ya canja. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu mastas na zaman aji tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a wasu sharuɗɗa. Saboda haka maganar wa zai riƙe yara na shekara guda a gama ta a gida da maigida da su Hajiya tun kafin a fara cike fom, ba sai takardar nasara ta fito ba a zo ana rigima. Mazan ma haka, mai mata da 'ya'ya biyar ya san alawus ɗin sikolashif na mutum ɗaya ne, ba zai ishe shi turo kuɗin cefane ba in an ba shi hutun karatu marar albashi.

Me digirin waje ke baka da na gida ba zai baka ba? Ƙwarewar alƙaluma na ɗaya, sannan ajin da za ka zauna da wanda ya yi aiki a ma'aikatar kuɗi ta Indunusiya da wadda ta tsara shirin tallafin talakawa a Birazil, ka ji yadda suka cire tallafin mai ko suka kasa, ka kwatanta da yadda aka yi namu da jimla ɗaya ranar 29 ga Mayun 2023. Sunan makarantar ma yana buɗe ƙofa, ba a musu. Ellen Johnson Sirleaf ta yi MPA a Harvard a 1971, Nasir El-Rufai ya yi nasa a can a 2009. Amma ka lura shi El-Rufai sai da ya riƙe hukumar sayar da kadarorin gwamnati ya yi ministan Abuja sannan ya tafi, ita ma Sirleaf ta yi aiki a baitulmalin Laberiya kafin tafiyarta. Ba digirin ne ya ɗauko su daga ƙasa ba.

Abin da waje ba zai baka ba shi ne sanin yadda ake bin fayil a sakatariyar Audu Bako ta Kano. Na sha ganin wanda ya dawo da kwali mai kyau da Turanci mai santsi, aka sa shi a kwamiti, ya kawo tsari mai ma'ana a takarda amma bai san cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata rabin kuɗin kafin ta taɓa na tarayya ba, bai san watan da ake rufe karɓar buƙatun ma'aikatu a kasafi ba, bai san sai an bi ta fada kafin a shiga wasu ƙauyukan ba. Tsofaffin daraktoci sai su yi shiru su bar shi ya gama bayaninsa a tafa masa, fayil ɗin ya koma durowa. Wannan ne ya sa nake ganin shekara biyu zuwa huɗu na aiki kafin tafiya ba ɓata lokaci bane, ko a ma'aikata, ko a majalisar jiha, ko a ƙungiya irin BudgIT ko CITAD, ko ma aikin sa kai a ƙaramar hukumarku.

Kasuwar aikin ma ta canja, dole a faɗa. Shekarun baya wanda ya dawo da MPP yana da tabbacin samun gurbi a shirye-shiryen masu ba da tallafi a Kano da Kaduna da Jigawa da Maiduguri. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, ita ma Birtaniya ta sanar da rage kuɗin tallafinta na waje zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, mutane da yawa masu gogewa sun rasa aiki kuma da su za ka yi takara. Wanda zai tsira a wannan kasuwar shi ne mai abin hannu da ake gani, ya iya sarrafa alƙaluma, ya iya bibiyar shiri da auna sakamakonsa, ya iya karanta kasafi, ko ya haɗa fannin da wani abu takamaimai kamar lafiya ko ilimi ko noma ko wutar lantarki. Likita ko injiniya ko malamin makaranta da ya ƙara MPP a kan sana'arsa ya fi wanda ya yi Kimiyyar Siyasa ya sake ɗora manufofi zalla a kai samun wurin tsayawa, a ganina.

In ka ce sai na zaɓa maka, ma'aikacin da ya kai mataki na 10 zuwa sama, iyali sun yi nauyi, burinsa ya kai darakta, ya yi MPA ɗinsa a ABU ko BUK ko Danfodiyo hankali kwance, ya ƙara da kwas ɗin Excel da ƙididdiga a intanet don toshe wancan raunin. Mai son koyarwa ya yi MSc, kuma kar ya dogara da TETFund don zuwa waje tunda sun dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga farkon 2025. Matashi mai sakamako mai kyau da baya tsoron lissafi ya nemi aiki tukunna, ya yi shekara biyu, sannan ya jefa ƙugiya a wurare da yawa lokaci guda, Chevening da DAAD da KDI da sauransu, in bai samu bana ba ya gyara rubutunsa ya sake baɗi, da yawan waɗanda suka samu ba a karon farko suka samu ba.

Ko wanne ka zaɓa ka fara neman tiransikirif ɗinka daga tsohuwar jami'arka tun yanzu don yakan ɗauki watanni, ka sabunta fasfo, ka je ka gaida malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida tun kafin ka buƙace su. Ma'aikaci kuma ya tabbatar ya samu amincewar hutun karatu a rubuce kafin ya tafi ko ya fara, in ba haka ba ranar ƙarin girma ana iya ƙin karɓar takardar, wanda ya yi a waje kuma sai ya kai satifiket ɗinsa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an tantance kafin a sa masa a fayil.